Mu da 'Ya'yanmu: Wasan da Ba Wasa Ba Ne



Akwai wata magana da kowane malamin makaranta ya sha ji har ya haddace ta. In ka tarar da yara biyar sun kewaye ɗaya, sun ɗauke masa jaka suna jefa wa juna, shi kuwa ya toshe kunnuwa yana ihu, ka tambaye su mene ne haka, amsa ɗaya za su ba ka: "Ai wasa muke yi, Malam." To, mu dai mun san wasa. A wasa kowa yakan yi dariya, wanda ya gaji kuma ya ce ya fita a ƙyale shi. Amma in biyar suna dariya ɗaya yana kuka, gobe ma haka, jibi ma haka, kuma kullum yaro ɗaya ne a tsakiya, wannan sunansa cin zali. A wannan wata za mu yi magana a kan yaron da ya fi kowa shan irin wannan wasa, watau matashi mai lalurar da likitoci suke kira otizim.

Wane irin yaro ne wannan?

Otizim wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa. Da shi akan haifi yaro, alamunsa sukan fara bayyana kafin ya cika shekara uku, kuma da shi zai girma har ya tsufa. Wani lokaci za ku ji ana cewa galahanga, amma wannan suna yana zuba lalurori dabam-dabam a buhu ɗaya, shi ya sa muka zaɓi sunan da likitoci suke faɗa. Wani likita mai suna Leo Kanner ne, a birnin Baltimo na Amurka, ya rubuta bayaninsa a shekarar 1943, bayan ya lura da yara 11. Daga baya wata likita a Ingila, Lorna Wing, wadda ita kanta ta haifi 'ya mai wannan lalura, ta nuna cewa abin hawa-hawa ne. Akwai yaron da ba ya magana ko kaɗan, yana bukatar mai kula da shi dare da rana. Akwai kuma wanda yake aji uku na sakandare, yana zuwa na ɗaya a lissafi, ba wanda ya taɓa kai shi asibiti domin wannan. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa yaro 1 cikin 100 yana da shi. In haka ne, makaranta mai ɗalibai 500 da wuya ta rasa waɗansu, ko an san su ko ba a sani ba. An fi gano shi a maza, amma 'yan mata ma suna da shi, sai dai sun fi iya ɓoyewa.

Irin wannan yaro yana shan wuya wajen karanta fuskar mutum ko gane abin da ke bayan murya. Yadda aka faɗi magana haka yake ɗaukarta. Mu kuwa rabin zancenmu a nannaɗe yake: ga gatse, ga habaici, ga ba'ar taubasai da ta jika da kaka. In uwa ta yi wa yaro gatse ta ce, "Ci gaba da zubar da ruwan, ka kyauta!" nan da nan ya daina. Shi wannan sai ya ci gaba, yana tsammani ya kyauta ɗin. Ba ya son haɗa ido da mutane, a wurinmu kuwa sunkuyar da kai ladabi ne, saboda haka alamar takan wuce ba a lura ba. Ƙarar da ba ta damun kowa, kamar ƙararrawar makaranta ko lasifika, shi takan shiga masa kai kamar ana buga ƙusa. Yana son kome ya tafi bisa ga yadda ya saba, in an canja masa wurin zama ba a gaya masa ba sai hankalinsa ya tashi. Sau da yawa yana da abu ɗaya da ya ƙware a kai, ko taswira, ko injin mota, ko sunayen tsuntsaye, zai yi ta zancensa bai lura mai sauraro ya gaji ba. In ya ji daɗi ko ya damu yakan kaɗa hannuwa ko ya riƙa rangaji.

Wannan ba hauka ba ne, ba iskoki ko sammu ba ne, ba kuma laifin renon uwa ba ne. Bincike ya nuna gado yana da babban hannu a ciki. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Likitan Ingila da ya yaɗa wannan zance a 1998, mujallar da ta buga rubutun nasa ta janye shi a 2010, shi kuma aka hana shi aikin likita.

Abin da aka ƙirga

Cin zali a makaranta ba baƙon abu ba ne a ko'ina. A shekarar 2019 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da rahoto cewa kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya 'yan'uwansa ɗalibai sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a watan da ya wuce kafin a tambaye shi. A ƙasashen Afirka na kudu da Sahara abin ya kai kusan rabi. To, in haka yake ga kowane yaro, ina ga wanda ba ya iya kare kansa da baki?

Amsar da muke da ita daga Amurka ta zo. Wani malamin jami'a mai suna Paul Sterzing da abokan aikinsa sun buga sakamakon bincikensu a 2012. Sun tarar kashi 46 cikin 100 na matasa masu otizim ana cin zalinsu, alhali a sauran matasan ƙasar an kimanta kashi 11 ne cikin 100. Watau ya ninka har sau huɗu. Sun kuma tarar cewa waɗanda suke iya hira, suna zaune a aji ɗaya da kowa, su ne suka fi sha. Dalilin a ganinmu a fili yake. Gurgu ko makaho ana ganin lalurarsa, akan yi masa uzuri. Wannan kuwa ga shi ƙato, bakinsa garau, sai a ce iskanci ne ko wauta, ba mai yi masa uzuri.

Me ya sa shi ake zaɓa?

Mai cin zali kamar shirwa yake, ɗan tsakon da ya ware daga sauran shi yake nema. Lokacin tara, sa'ad da yara suka watsu biyu-biyu uku-uku, wannan yaro yana gindin bishiya shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa shi ya san ba mai tsaya masa.

Har wa yau yana da saurin tunzura, kuma 'yan aji sukan gano lagonsa da wuri. Sun san in an yi masa fito a kunne, ko an juya masa littattafai, zai yi kururuwa ya buga tebur. Sun sami abin kallo ke nan kyauta. Malam kuwa sai a ƙarshe yake shigowa, ya tarar da yaro ɗaya ya ɗaga kujera, sauran sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Wa zai sha bulala? Wanda aka zalunta. Masu tsokanar kuma sun koyi darasi, cewa wannan hanya tana ɓullewa.

Abin da ya fi ciwo shi ne abota ta ƙarya. Yaron yana marmarin abokai kamar kowa, amma ba ya bambanta dariyar so da ta reni. Sai su ce masa, "Kai namu ne." Su aike shi ya faɗa wa wata yarinya maganar banza, su sa shi rawa a gaban aji, su karɓe kuɗin abincinsa, a makarantar kwana kuma su cinye garinsa da sukarinsa a makon farko. Ya dawo gida da murna yana cewa, "Mama, na yi abokai." A zamanin nan ma sukan ɗauke shi a wayar hannu su watsa a WhatsApp, kunyar da dā take tsayawa a ƙofar makaranta ta biyo shi har ɗaki. In yarinya ce, da wuya a doke ta. Za a matsa mata a benci in ta zauna, a yi shiru in ta iso, a yi raɗa in ta juya baya, shekara ta ƙare ba wanda ya taɓa ta da hannu, amma ta gama karyewa.

Ga shi kuma ba ya kawo ƙara. Wani bai gane cewa zalunci ake yi masa ba. Wani ya gane amma ba ya iya jera labarin, ya fara daga tsakiya, ya manta da suna, mai sauraro ya gaji ya ce, "Je ka, ku daina faɗa."

Ɓarnar da abin yake yi

Waɗansu iyaye sukan ce, "Ai mu ma haka aka yi mana, ga shi mun zama mutane. Duniya ce take koya masa." Bari mu duba abin da duniyar take koya masa.

Da fari tana koya masa tsoro. Yaron da ya san kowace safiya akwai abin da ke jiransa a bakin aji ba ya barci da kyau. Ran Litinin ya tashi da ciwon ciki ko ciwon kai, ran Asabar kuwa garau. Hankalin da ya kamata ya sa a allo yana can yana gadin bayansa, sai sakamakon jarrabawa ya soma faɗuwa. Daga nan ya ƙi zuwa makaranta, a doke shi a gida domin ya ƙi, a ƙarshe a gaji a cire shi. Da haka yaron da zai iya zama makaniki ko akanta na ƙwarai yake ƙarewa a zaune a zaure.

Sa'an nan tana koya masa ɓoye kansa. Ya danne hannuwansa kada su kaɗa, ya yi dariya in an yi ko bai gane abin dariyar ba, ya kwaikwayi tafiyar wasu da maganarsu. Kamar wanda ya ɗauki tulu cike da ruwa ne daga safe har azahar, yana tsoron kada ɗigo ya zuba. Yana isa gida sai tulun ya faɗi, ya huce a kan ƙannensa. Uwa ta je makaranta da kuka, malam ya ce, "Ai a nan lafiya lau yake."

Daga ƙarshe tana koya masa cewa shi ba kome ba ne. Likitoci sun tabbatar matasa masu otizim sun fi sauran kamuwa da fargaba da ciwon damuwa, cin zali kuwa ƙara wa wutar itace yake yi. Waɗansu sukan kai ga ji wa kansu ciwo, waɗansu har su yi tunanin hallaka kansu. In ɗanka ya ce gara ma ya mutu, kada ka ce shirmen yara ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar.

Tabon kuma ba ya gogewa da sauri. A Birtaniya an bi rayuwar yaran da aka haifa a mako guda na shekarar 1958, tun suna ƙanana har suka kai shekara 50. Masana a birnin Landan suka duba mutum 7,771 daga cikinsu, suka buga abin da suka gani a 2014. Waɗanda aka ci zalinsu suna yara, bayan shekara 40 sun fi sauran fama da damuwa da rashin lafiya, sun kuma fi su kaɗaici. Waɗannan yara ne na kowane iri, ba masu otizim kaɗai ba. Balle wanda dā ma duniya ta yi masa nauyi.

Akwai magani

A shekarar 1982 waɗansu yara maza uku a arewacin ƙasar Norwe, masu shekara 10 zuwa 14, suka kashe kansu bayan doguwar tsangwama daga 'yan makarantarsu. Ƙasar ta girgiza. A 1983 ma'aikatar ilimi ta kafa yaƙi da cin zali a dukan makarantu, wani shehun malami mai suna Dan Olweus kuma ya tsara hanyar da aka gwada a makarantu 42 na birnin Bergen. Hanyar ba wani sihiri ba ce: doka bayyananna da kowa ya sani, malamai su tsaya a filin wasa da idonsu a buɗe, a yi magana da mai laifi da iyayensa tun a karon farko. Cikin shekara biyu cin zali ya ragu da wajen rabi.

A birnin Toronto na Kanada kuma, masu bincike sun ɗauki hoton filin wasan makarantun firamare, suka buga sakamakon a 2001. Sun ga kusan kullum akwai 'yan kallo sa'ad da ake cin zali, amma sau ɗaya ne kawai cikin biyar wani yake sa baki. In kuwa wani yaro ya sa baki, a kashi 57 cikin 100 abin yakan tsaya kafin daƙiƙa 10. Ƙasar Finlan ta gina shirinta mai suna KiVa a kan wannan fahimta, ta baza shi a makarantunta daga 2009, tana koya wa 'yan kallo su daina ba mai zalunci dariyar da yake nema. Mu ma mun daɗe da sanin haka, mu da muke cewa karen bana shi ke maganin zomon bana.

Saboda haka ga roƙonmu ga 'yan'uwanmu malamai. Ku san wuraren da ido ba ya kaiwa: bayan aji lokacin tara, hanyar bayi, layin abinci, ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Ku riƙa leƙawa ba sanarwa. In kun tarar da yaro ya fashe da fushi, kafin ku ɗauki bulala ku tambaya, "Me ya faru kafin wannan?" Ku ba shi wuri mai shiru da zai fake lokacin hutu, ko ɗakin karatu ko kusa da ofis. In za a raba aji rukuni-rukuni, ku raba da kanku, kada a bar shi tsaye ba mai zaɓensa. Ku nemi ɗalibai biyu ko uku masu hankali waɗanda aji yake jin maganarsu, ku ba su amanarsa. Kada a bayyana wa aji lalurarsa sai da yardarsa da ta iyayensa. Fiye da kome, ku tsare bakinku. Ranar da malam ya kira yaro dolo a gaban aji, ya ba mutum arba'in izini ke nan.

Ku kuma iyayen irin wannan yaro, ruwa ba ya tsami banza. Riga ta yage, biro ya ɓace sau uku a wata, ya dawo da yunwa alhali an ba shi kuɗi, duk magana ce. Kada ku tambaye shi, "Yaya makaranta?" gama zai ce lafiya. Ku yi masa tambaya mai kai ɗaya: "Da wa ka zauna lokacin tara? Wa ya ci abincinka? Wa ya ce ka yi rawa?" Ku rubuta abin da ya faɗa da ranar da ya faru, ku tafi wurin shugaban makaranta da takardar a hannu, cikin natsuwa, ku kuma koma bayan mako biyu ku ji inda aka kwana. Ku koya masa ma'aunin aboki a fili, tun da yana riƙe ƙa'ida da kyau: aboki ba ya karɓe maka kuɗi, ba ya aikenka abin da shi ba zai yi ba, in ka ce ya bari yakan bari. Kada ku ce masa "ka rama," domin zai rama yadda kuka faɗa, ba zai san iyaka ba, laifin ya koma kansa. Kada kuma ku ce ya daina abin da ke sa a yi masa dariya, gama kun ɗora masa laifin wasu ke nan.

In kuna zaton ɗanku yana da wannan lalura, ku nemi likitan yara ko na ƙwaƙwalwa. Ana samunsu a asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato. Zuwa can ba abin kunya ba ne, sanin sunan abu rabin sauƙinsa ne. Ku sani kuma cewa a Nijeriya an sa hannu a watan Janairu 2019 a kan dokar da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, har da wajen neman ilimi. In kun je makaranta, hakkin ɗanku kuka je nema.

Mun bar mafi yawanku a ƙarshe, watau iyayen sauran yara talatin da tara na ajin. Ɗanku wataƙila bai taɓa dukan kowa ba, amma yana cikin masu dariya ko masu kau da kai. Yau da dare, in an gama cin tuwo, ku tambaye shi, "Wa ake yi wa dariya a ajinku? Kai me kake yi in ana yi?" Ku saurari amsar da kyau. Ku gaya masa ba ku ce ya yi dambe da kowa ba. Ya isa ya ƙi yin dariyar, ya ce "ku bari haka nan," ya kira malam, ko ya je ya zauna kusa da wanda aka ware. Ku nuna masa bambancin tsegumi da ceto: mai tsegumi yana so a hori wani, mai ceto yana so a tsame wani. Haka nan a lura a unguwa da taron matasa, domin masu yi a makaranta su ne dai suke can.

Tun 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kai a kan otizim. Zai yi kyau ƙungiyar iyaye da malamai ta kowace makaranta ta sa wannan magana a taronta na lokacin. Amma yaron da ke gindin bishiya shi kaɗai ba zai iya jiran Afrilu ba, gobe da safe za a sake buga ƙararrawar tara.